Kundin aikin ba da aron hedfon mai kashe ƙara a laburaren jami'a

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yau kwalayen suka iso. Hedfon 12 ne, manya masu rufe kunne ruf, kowanne da jakarsa da kebul ɗin caji da siririyar igiyar jonawa a kwamfuta. Wata takwas ke nan da na rubuta takardar neman su, shi ya sa da na yanke salatif ɗin kwalin farko sai da na zauna na ƙare musu kallo kafin in taɓa.

Dalilin aikin yana cikin akwatin ƙorafin da ke bakin ƙofa. Ni nake buɗe shi duk ƙarshen wata, kuma in aka cire masu kuka da intanet, sauran kusan duk a kan surutu suke. Gininmu an bar masa fili a tsakiya tun daga ƙasa har rufi, benaye uku suna kewaye da shi. Ido yana jin daɗinsa, kunne ne ke shan wahala. Ƙasa wurin karatun haɗin gwiwa ne, an yarda a yi magana, sai maganar ta tashi sama kamar hayaƙi ta iske wanda ya hau bene na uku don ya guje mata. Ga na'urorin sanyaya ɗaki, ga firinta, ga jan kujeru. Ba mu da halin sake gini, ba kuma ma son hana ɗalibai tattaunawa, tunda malamansu aikin rukuni suke ba su.

Na ɗauki ɗaya na tsaya dab da babbar na'urar sanyaya ɗaki ta bene na biyu, na danna maɓalli. Gurnanin da na shekara shida ina ji har na daina sanin yana nan ya ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta. Sai na ji kafaɗuna sun sauka. Ashe duk shekarun nan jikina yana dakon ƙarar da kaina ya manta da ita.

Alhamis, 12 ga Satumba

Kwana uku muna fama da rajista. Manhajar Koha ta kula da aro a laburare muke aiki da ita, wadda aka fara ginawa a Niyuzilan a 1999, kuma abin da ya taimake mu shi ne tana karɓar aro na awa-awa, ba sai na kwanaki kamar littafi ba. Mun tsayar da awa 4, a cikin gini kawai, da katin shaidar jami'a. In babu mai jira, ana iya sabuntawa sau ɗaya.

Dattijon da ya fi kowa daɗewa a kantar bayar da aro ya duba jakunkunan ya ce, "Malama, babban ba zai ɓata ba. Ƙananan nan ne za su bi iska." Ya sa muka ɗaura wa kowace igiya da kowane kebul lambar hedfon ɗinsu, muka kuma liƙa hoton abin da ke cikin jaka a murfinta, don mai karɓa ya ƙirga da ido cikin daƙiƙa biyar.

An yi doguwar muhawara kan ko a riƙa karɓar kuɗin ajiya kafin a bayar. Na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. Wanda yake da abin ajiyewa, yawanci yana da nasa hedfon ɗin a jaka. Wanda muka sayo su dominsa shi ne wanda kuɗin ajiyar zai mayar da shi daga bakin kanta. An yarda a gwada zango ɗaya a haka.

Talata, 24 ga Satumba

An fara bayarwa tun makon jiya. Kwana biyu na farko babu wanda ya tambaya, sai da muka rataye ɗaya a kan kanta inda ido zai gani. Sanarwar da muka liƙa a allo ba ta kawo ko mutum ɗaya ba.

Matsalar farko ta Bluetooth ce. Hedfon yana riƙe sunan wayar da aka haɗa shi da ita, sai wanda ya ara da rana ya kunna, ya koma ya kama wayar wanda ya ara da safe, in yana cikin ginin. Wani ya zo a ruɗe yana cewa laccar wani yake ji a kunnensa. Yanzu duk wanda aka dawo da shi sai an goge masa tsoffin haɗi kafin a mayar da shi kan caji. Muna kuma nuna wa mutane igiyar, domin ita ba ta da wannan rigimar.

Laraba, 2 ga Oktoba

Yau na sami ƙorafin da ya fi duk wani yabo amfani a gare ni. Wani ɗalibin ajin ƙarshe ya ajiye lamba 3 a gabana ya ce, "Malama, wannan ya lalace. Duk abin da na bayana suke faɗa ina ji, har ma ya fi fitowa." Na gwada, lafiyarsa ƙalau. Na ba shi wani, bayan minti goma ya dawo da magana iri ɗaya. Gaskiya ya faɗa, kuma laifin namu ne da muka rubuta "mai kashe ƙara" muka yi shiru daga nan.

Ga yadda abin yake aiki. A jikin kowane kunne akwai ƙananan makirufo da ke sauraron abin da ke shigowa. Sauti kuwa iska ce ke turawa tana ja da baya cikin sauri. Sai 'yar na'urar da ke ciki ta ƙirƙiro kishiyar wannan sautin: inda iska ta turo, ita ta ja, inda ta ja, ita ta turo. In suka haɗu a bakin kunne sai su cinye juna. Wannan yana yiwuwa sosai ga ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin gurnanin inji ko fanka, wadda girgizarta ba ta wuce kamar 1,000 a daƙiƙa ba. Maganar mutum ba haka take ba. Kowane lokaci sabon abu take kawowa, kuma baƙaƙen da ke sa a gane kalma, irin su s da sh da ts, suna can sama da inda na'urar take da ƙarfi. Abin da ke rage su shi ne soson da ya rufe kunne, ba lantarkin ba. Wani abin kuma, gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da muke zargi shi ne ke lulluɓe maganar tun da farko. Da aka ɗauke shi, sai muryoyin suka fito fili tas, kamar an share madubi.

In aka bi asalin abin, ba za a yi mamaki ba. Wani Bajamushe, Paul Lueg, shi ya fara neman rajistar wannan dabara a 1933, aka ba shi ta Amurka a 1936, amma kayan lantarkin zamanin ba su da saurin da za su aiwatar da ita. A 1978 Amar Bose, mai kamfanin kayan sauti na Bose, yana cikin jirgi daga Zurich zuwa Boston, rurin inji ya hana shi jin abin da ke cikin hedfon ɗin da aka raba, ya fara lissafin maganin abin tun kafin su sauka. A 1986 matuƙa jirgi Dick Rutan da Jeana Yeager suka sa samfurin gwaji na kamfaninsa a jirgin Voyager, wanda ya kewaye duniya cikin kwana tara bai sauka ba bai ƙara mai ba, kuma a 1989 aka fara sayar wa matuƙa jirgi. Wato don injin jirgin sama aka haifi wannan abu. Ɗalibai huɗu masu gardama a kan aikin rukuni ba su cikin lissafin.

Kuma ita maganar ce ta fi cutar mai karatu. Tun a 1976 masu bincike Colle da Welsh suka nuna cewa maganar da mutum bai ma saurara ba tana rage masa riƙe abubuwa a jere, Salamé da Baddeley suka ƙara tabbatar da haka a 1982. Ko da a yaren da bai sani ba ake yin ta, ƙwaƙwalwa sai ta bi.

Na zauna da ɗalibin muka gwada wata dabara: ya bar kashe ƙarar a kunne, ya sa sautin ruwan sama can ƙasa-ƙasa. Ya ce yanzu yana jin ana magana amma ba ya tsintar kalmomin, kuma hakan ya ishe shi. Daren nan zan rubuta ɗan kati da za a sa a kowace jaka: abin da hedfon ɗin ke kashewa, abin da ba ya iya kashewa, da wannan dabarar.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na yi kuskure, kuma gara in rubuta shi. Don tsoron ƙwayoyin cuta na sa ana fesa sifirit kai tsaye a kan kushin kunne duk lokacin da aka dawo da shi, wani sau uku a yini. Kushin ba fata ba ce ta gaske, roba ce aka shimfiɗa a kan soso. Yau na ga guda uku sun bushe sun fara tsattsagewa a gefe. Kushin da ya tsage kuwa ba muni kawai ya yi ba, iska tana shiga ta nan, kashe ƙarar ya ragu.

Mun daina fesawa. Yanzu tsumma mai ɗan danshin sifirit na kashi 70 ake shafawa sau ɗaya, a bar shi ya sha iska kafin a rufe jaka. Na nemi a sayo kushin na canji, da kuma 'yan rigunan kunne da ake sawa sau ɗaya a yar, ga mai so. Da na sani tun farko, da kushin na canji yana cikin takardar neman kuɗin.

A gefe guda, mun lura masu tabarau ba sa samun shirun da sauran ke samu, saboda hannun tabarau yana ɗaga kushin kaɗan. Ɗaga hannun tabaran sama da kushin yana ɗan taimakawa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Akwai wata ɗaliba da ke zuwa kullum da an buɗe ƙofa, lamba 7 take tambaya, in babu sai ta tsaya jim kafin ta karɓi wani. Na lura ba ta taɓa ciro igiya ba, ba ta kuma haɗa shi da waya. Yau kanta ba kowa, sai ita da kanta ta buɗe maganar.

Ta ce, "Malama, ni duk ƙara ɗaya take zuwa mini. Wanda ke danna biro, wanda ke taunar cingam, zizar fitilar sama, muryar malami, babu wadda ke gaba babu wadda ke baya." Ta ce likita ya daɗe da gaya mata tana da otizim, yanayin da kan sa ƙara da haske su yi wa mutum yawa. A da in ta shigo laburare ba ta wuce minti arba'in, sai kanta ya ɗau zafi, hannunta ya fara rawa, ta tattara ta fita. Ta sha zama a matakalar baya tana karatu a kan gwiwa, domin nan ne kawai babu zizar fitila. Yanzu tana kaiwa har yamma. Tana maganar tana shafa gefen jakar da babban yatsa, ba ta ɗago ta dube ni ba, ni ma ban nemi ta ɗago ba.

Na tambaye ta me ya sa lamba 7. Ta ce shi ne bai cika matse kai ba, kuma ta riga ta saba da shi.

Na kasa cire wannan daga raina har na tashi aiki. Mun tsara awa 4 ne don adalci, kowa ya samu. Amma ga wanda hedfon ɗin yake ƙara wa daɗin karatu, ga kuma wadda in babu shi ba za ta zauna a ginin ba sam, ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya. Na rubuta wa ofishin da ke kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman: a ware guda biyu don aron zango guda, su ne za su turo sunaye, mu kuma ba za mu tambayi kowa takardar asibiti a bakin kanta a gaban jama'a ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

An yi atisayen gobara da safe. Wannan yana cikin abin da ya fi damuna tun farko, don haka na roƙi abokan aiki biyu su sa hedfon su zauna a lungu mafi nisa. Ƙararrawar siririya ce mai tsini, ta ratsa kashe ƙarar ba wahala, duka biyun sun ji nan take. Amma a bene na uku mun iske wani ɗalibi zaune yana rubutu bayan kowa ya miƙe. Nasa iyafis ne a kunnensa, ya ƙure sauti. Mun ƙara wa masu zagayen fitar da mutane umarni su leƙa kowane ɗan ɗakin karatu, na kuma nemi a sa fitila mai walƙiya a benen, wadda ko ba don hedfon ba kurame suna buƙatarta.

Wani ƙaramin abu da muka koya: kada a taɓa kafaɗar mai hedfon ta baya. Firgita yake yi sosai. A zagayo ta gabansa a ɗaga hannu.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

An dawo da lamba 10 ba a kashe ba, ina daga tsaye ina jin kiɗan da ke fita daga cikinsa a kan kanta. In ni ina ji daga nan, me kunnen yaron ya sha na awa huɗu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga babba: desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu, don haka a 83 awa 20 ne, a 86 awa 10. Hukumar ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ji kuwa in ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Amfanin kashe ƙara a nan shi ne mutum ba ya buƙatar ƙure sauti don ya rinjayi hayaniyar waje, amma sai an gaya masa, domin hannu ya riga ya saba da ƙarawa. Yanzu muna rage sautin kowanne zuwa ƙasa kafin a bayar, na kuma ƙara layi ɗaya a katin.

Mutum biyu sun dawo da shi cikin 'yan mintuna, sun ce suna jin kamar an toshe musu kunne irin na hawan jirgi, ɗaya har da jiri. Wannan sananne ne ga wasu mutane. Mun nuna musu yadda ake kashe lantarkin a bar soson kawai.

Talata, 19 ga Nuwamba

Taron yau ya yi zafi. An kawo shawarar cewa tunda yanzu akwai hedfon, a buɗe ɗakin shiru na bene na uku ga masu karatun rukuni, saboda ƙasa ta cika. Wanda ya kawo ta ba da mugun nufi ya kawo ba, cunkoson gaskiya ne, kullum ina ganin ɗalibai zaune a ƙasa da laftof a cinya.

Amma na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, in aka yi haka, aikin nan ya zama sanadin cutar waɗanda aka yi shi dominsu." Na kawo hedfon biyu cikin taron, na roƙi shi da mai shawarar su sa, na ci gaba da magana da muryata ta kullum. Duk abin da na faɗa sun maimaita mini shi. Gani ya kori ji. Kujerun ɗakin sun ninka hedfon ɗinmu sau da yawa, kuma ko da kowa zai samu, abin da za a shigo da shi ɗakin shi ne ainihin ƙarar da na'urar ba ta iya kashewa. Ban da haka, ba na jin daidai ne a ce wa mai neman shiru ya ɗaura abu a kansa yini guda don wasu su sake. Kunne yana zafi, kai yana gumi, batir yana ƙarewa.

Na kuma kawo maganar amsa waya. Binciken da Lauren Emberson da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Cornell a 2010 ya nuna cewa jin rabin hira, wato mutum yana magana a waya ba ka jin na ɗaya ɓangaren, ya fi ɗauke hankali a kan jin hirar mutum biyu cikakkiya. Ƙwaƙwalwa tana ta ƙoƙarin cike gurbin da ba ta ji ba. Mu kuwa masu amsa waya a bakin ƙofar ɗakin shirun suke tsayawa, suna ganin sun fita.

An bar ɗakin yadda yake. An kuma amince da abubuwa uku marasa tsada da na daɗe ina nema: a mayar da firinta ƙasa, a manna wa ƙafafun kujeru ƙyalle mai kauri, a ware lungun matakala don amsa waya. Tsohon ɗakin ajiyar mujallu za a kwashe shi a ba masu rukuni. Na fito taron ƙafafuna suna rawa, amma zuciyata wasai.

Talata, 3 ga Disamba

Makon jarrabawa. Kafin ƙarfe tara duk goman da suka rage bayan biyun da aka ware sun fita, takardar masu jira ta cika shafi. Mun dakatar da sabuntawa har a gama.

Abin da ya cece mu shi ne shawarar dattijon kanta. Ya ce tunda maganar mutane ce damuwar, me zai hana a kawo irin murfin kunnen da ma'aikatan masana'anta ke sawa, wanda babu batir babu lantarki? An kawo guda 15 makon jiya, da kwalin soson toshe kunne da ake ba kowa kyauta. Ban zaci za su karɓu ba, saboda ba su da kyan gani kuma suna matse kai. Sai ga shi masu zama kusa da filin tsakiya su suke nema da suna, domin a wajen rage murya sun fi masu tsadar. Babu caji, babu goge haɗi, shafawa kawai. Ɗalibin nan na lamba 3 yanzu su yake ɗauka.

Daren jiya lamba 5 bai dawo ba. Na kwana ina tunanin muhawarar kuɗin ajiya da abin da za a ce mini. Da safe ina buɗe ƙofa na iske mai shi tsaye, idanu jajur, jakar a hannu biyu. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, a wuyana na tafi da shi, sai da na kwanta na ji shi." Na karɓa na ƙirga, igiya da kebul duk suna nan.

Litinin, 16 ga Disamba

An tafi hutu, ginin ya yi tsit. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɓata. Igiya biyu sun tafi, kebul ɗaya ya karye a wuya, lamba 4 ya tsage a gaɓar da ake naɗe shi, ina jin wurin cusa shi a jaka ne da ƙarfi. An canza kushin guda biyar. Batir ɗinsu na litiyam ne, ba ya son a ajiye shi a cike taf ko a bar shi ya mutu, don haka na caja kowanne zuwa wajen rabi na sa su a kabad ɗin da rana ba ta bugu.

Ɗalibar lamba 7 ta kawo nata da kanta ranar Juma'a, ta tambaya ko za a ajiye mata shi zuwa sabon zango. Na rubuta a jikin jakar.

Takardar zango mai zuwa na fara ta yau. Ina neman ƙarin hedfon 6, huɗu daga ciki don aron dogon lokaci, da ƙarin murfin kunne marasa lantarki, da kushin na canji tun daga farko. Abu mafi girma a ciki shi ne allunan shanye sauti da za a rataya a filin tsakiya, da ƙofar gilashi a bakin bene na uku. Ma'aikacin gine-gine ya ce zai zo ranar Alhamis da abin auna ƙara, amma na roƙe shi ya sake dawowa a mako na biyu bayan an koma, lokacin da ƙasa ta cika da mutane, mu auna a kujerun da aka fi kuka da su.